Bula a Gindin Katanga

A rukunin gidajen nan da aka yanka a jikin tudu, layi bisa layi, babu wanda bai san Baba Mai Bula ba, kuma in gaskiya za a faɗa, babu wanda bai taɓa jin haushinsa ba. Magini ne, amma ba a ginin ɗaki ya yi suna ba. Tun yana saurayi yake bin masu aikin hanya yana zuba kwalbati da lambatu, har ta kai in ya tsaya a fili ya ɗan karkata kai, zai faɗa maka inda ruwa zai bi tun hadari bai haɗu ba. Da aka fara yanka filayen tudun, shi aka ba aikin magudanan ruwa, tun daga layin sama har babban kwalbatin bakin titi. Aikin na ƙarewa ya sayi fili a layin tsakiya, ya gina gida, ya tare da iyalinsa. Masu tsokana sukan ce da ya kwashe kayan aikinsa ya yi gaba, da unguwa ta huta.

Ƙa'idar wurin shi ya kawo ta, kwamitin unguwa ya sa hannu. Ba a malale tsakar gida duka da siminti. A bar tsakuwa ko ciyawa, a haƙa rami a kusurwa a cika shi da duwatsu, ruwan indararo ya shiga ya nutse a hankali. Abin da ya rage ya fita ta ƙofar gida ya faɗa lambatun layi. Ta baya kuwa ko ɗigo, domin bayan kowane gida akwai gidan wani, kuma wanin nan a ƙasa yake. Ya maimaita wannan magana a taro da wajen taro har yara suka haddace, suna kwaikwayon muryarsa in ya ba da baya.

Sunan kuwa daga yadda yake kama mai laifi ya samo shi. In wani ya kawo ƙarar bangonsa yana jiƙa, Baba ba ya tsayawa gardama da kowa. Bokiti zai ɗauka da ƙullin bula, irin wadda ake sa wa farin kaya a wanki, ya hau gidan da yake zargi. Sai ya ce wa mai gidan ya sauka ya tsaya a gindin bangon mai ƙara, shi kuma ya dama bular ya sheƙa a tsakar gida, ya bi ta da ruwa bokiti-bokiti. In shuɗi ya ɓullo a ƙasa, magana ta ƙare. Ya yi wa mai shagon magani haka, mutumin da ya rantse ya maya cewa ba shi da wani bututu a ɓoye. Ya yi wa ƙanin shugaban kwamiti. Kuma kada wani ya ce dole ce ta sa shi, wallahi daɗin abin yake ji. Yakan sauko a hankali yana goge hannu, ya tarar da babban mutum tsaye tsuru-tsuru shuɗin ruwa na lasar takalminsa, ya ce masa sannu da tsayuwa.

A gida wani mutum ne dabam. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ita kaɗai ke iya tare shi in ya ɗauko dogon bayanin ruwa. Sai ta ce ya aje lambatun a waje ya shigo ya ci abinci, ya yi dariya ya bi ta. 'Ya'yansu duk sun tashi sun kama gabansu, ya rage daga shi sai ita, sai itacen lemon da ta dasa a kusurwar baya, kusa da ramin duwatsu, inda take shimfiɗa da la'asar.

Ana nan sai ciwo ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo ta daga asibiti a keken marasa lafiya aka shigo da ita. Baba ya aje aiki ya koma jinya. Shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci, shi ke wanke zannuwan gadonta farare a bakin famfon da ke ƙofar gida, bai damu da mai wucewa ba. Abu ɗaya ya gagare shi, wato tsakuwar tsakar gidan. Ƙafafun keken nutsewa suke yi, ya tura ya tura, keken ya kafe, Inna ta karkace kamar za ta zube. Ran nan ta nuna lemon da hannunta mai lafiya, ya yi iya yinsa bai kai ta ba, ta kawar da kai hawaye na bin kumatunta. Washegari ya sa aka kawo siminti.

Ya malale tsakar gidan kaf, har ramin duwatsun ya rufe, don a nan keken zai juya. Aiki ya yi kyau, sumul, kana tura keken da yatsa ɗaya. Sai dai filin can asali baya ya gangara, kuma in ya ce zai ɗaga bayan don ruwa ya koma gaba, dole a sami tudu a ƙofar ɗakinta, keken ya sake kafewa. Ya san wannan sarai, ya rufe ido. Ruwan farko da aka yi ya taru a gindin lemo ya dawo har ƙarƙashin gadon Inna. Ana ɗaukewa ya ɗauki guduma ya huda katangar baya daga can ƙasa, ya cusa bututu, ya binne bakinsa a cikin ƙasar gangaren, ya jawo tsohon duro ya kare ramin daga ciki. Ya ce wa kansa na wucin gadi ne, rani na yi zai gyara. Da shugaban kwamiti ya zo dubiya ya ga simintin ya ɗan yi gyaran murya, Baba ya ce ai ya bi da bututu ta ƙarƙashi zuwa lambatun gaba. Shugaba ya ce to ai shi ke nan, wa zai koya wa Baba ruwa.

Gidan da ke ƙasa da nasa na Maman 'Yan Biyu ne, mai kitso. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da a gida, ita ke riƙe da komai. Tun kafin ciwon take yi wa Inna kitso, da ciwon ya zo kuwa ba ta jira an kira ta ba. Duk mako sai ta hau da man kai da matajinta, ta zauna a gindin lemo ta tsefe, ta wanke, ta kitsa, tana ba Inna labarin unguwa har ta sa ta dariyar da rabin baki ke yi. Ba ta taɓa karɓar komai ba. Ranar da ta fara ganin simintin har addu'a ta yi masa, ta ce Allah ya ba kowace mace miji irin Baba. Duron nan yana bayanta, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

Rani ya zo ya wuce bai gyara ba. Ba ƙarfi ya rasa ba, ba kayan aiki ba. Ƙarar guduma yake tsoro. A layin nan in ka fasa siminti kowa sai ya ji, kuma kowa sai ya tambaya, shi kuwa me zai ce? Damina ta biyu ta sauka da ƙarfinta, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk lokacin da aka tsuge yakan tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon ruwan rufinsa da na tsakar gidansa suna haɗuwa su shige bayan duro. Da can in ana ruwa lema yake ɗauka ya fita zagayen lambatu yana yi wa mutane faɗan shara. Yanzu ya daina, aka ce jinya ce ta riƙe shi.

Tsakiyar daminar Maman 'Yan Biyu ta roƙe shi ya zo ya duba mata ɗakin baya, inda tagwayenta ke kwana. Ya je. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, bangon ya yi sanyi har tsayin ƙugu, ga wari, ga wata siririyar tsaga ta taso daga ƙasa. Ta janye katifar yaran zuwa tsakar ɗaki. Tsakanin bangon da gangaren da katangarsa ke kai akwai ɗan lungu, ƙasarsa ta yi laushi tiɓis. Ya dafa bangon, ya ƙwanƙwasa, ya yi duk abin da masani ke yi, sannan ya buɗe baki ya ce mata idon ruwa ne a ƙarƙashin tudun, irin wanda kan farka in damina ta yi nauyi. Ta ce au, ashe haka ne, ta yi ta godiya. Ya kawo siminti ya shafe tsagar kyauta, yana shafawa yana sane da cewa kwalliya yake yi wa ciwo. Ranar ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Tsagar ta dawo, ta fi da faɗi, har yatsa na shiga. Maman 'Yan Biyu ta kwashe yaran zuwa ɗakinta ta kai magana gaban kwamiti, ko za a taimaka a san yadda za a yi da idon ruwan kafin bango ya faɗi. Aka sa ranar hutu da hantsi, shugaba ya zo da mutum biyu, aka aika a kira Baba, tunda shi ne masanin. Daidai makon nan autarsa, wadda ke aiki a wani gari, ta zo hutu. Ta ƙwace wankin daga hannunsa, ta ce ya isa haka, ya je ya huta. Ya fita bai ce mata komai a kan inda ake zubar da ruwa ba. Ita kuwa ta ga babu dalilin da za ta zauna ita kaɗai a bakin famfo uwarta na can gindin lemo, sai ta kwashe bahon da zannuwan ta koma baya suna hira.

Sama tas, ko gajimare babu. Can ƙasa, su Baba na tsaye a lungun su biyar, ɗaya daga cikin mutanen yana cewa shi fa mai shagon magani yake zargi, wanda ya yi sau ɗaya zai sake, a hau a zuba masa bula kawai. Baba yana girgiza kai yana bayanin yadda ruwa ke tafiya a cikin dutse, yana nuni da hannu sama. Sai ya ga idon Maman 'Yan Biyu ya sauka ƙasa ya tsaya. Ya bi inda take kallo. A gindin gangaren, daga wani ɗan rami da ruwan damina biyu ya riga ya yi wa kansa, wani abu ke tsattsafowa a hankali yana bin ƙasa zuwa bangonta. Shuɗi ne, shar da shi, har da 'yar kumfar sabulu.

Maganar ta mutu a bakinsa. Ya ji da ma ƙasar lungun ta tsage ya shige. Babu wanda ya kai shi sanin abin da launin nan ke nufi, kuma gida ɗaya ne tak a saman wurin. Ta ɗago ta dube shi, duba ɗaya, ba harara ba, da ma harara ce da ya fi sauƙi. Sannan ta jawo wata tsohuwar tabarma da ke jingine da bango ta yar a kan wurin, ta taka ta tsaya. Ta ce wa shugaba rana ta yi zafi, su zo gaba su sha ruwa a ƙarasa maganar a inuwa. Mutanen suka juya suka nufi gaban gida, ita ce ta fita ƙarshe. Baba bai iya shan ruwan ba. Aka watse a kan za a sake zama.

Ya shiga gida ya tarar da zannuwan a kan igiya, fari fat, ga sawun shuɗi a kan siminti ya miƙe ya shige bayan duro. Auta ta tambaye shi lafiya, ya ce ta ɗan ba su wuri. Ya durƙusa gaban keken ya faɗa wa Inna komai, tun daga ranar da ya huda katangar. Tana saurare, hannunta mai lafiya na kan kitson da aka yi mata shekaranjiya. Da ya gama sai ya ƙara da abin da ya daɗe yana lallashin kansa da shi.

"Saboda ke na yi, Innar yara. Keken ne ba ya tafiya."

Ta daɗe tana haɗa kalmomin, domin kowace sai ta yi kokawa da ita.

"Kada... ka sa ni... a ciki."

Ta nuna ɗaki. Ya tura ta ciki, kuma daga ranar ta ƙi yarda a fito da ita. In ya kama keken zai juya ƙofa sai ta riƙe ƙafar gado da hannun hagu, kememe. Matar da aka zuba simintin dominta ta ce ba za ta sake hawa kansa ba.

Da safe ya ɗauki babbar guduma. Ƙarar da ya yi damina biyu yana gudu ta tashi, ta cika layin, ta sauka har bakin titi. Kai, mutane akwai son jin abin da bai shafe su ba! Kafin azahar masu dubiya sun ninka, kowa ya zo gaida Inna idonsa na tsakar gida. Mai shagon magani ya tsaya a ƙofa ya yi masa sannu da aiki, ya sake yi, ya kuma tambaya ko a aiko masa da bokiti. Baba bai ɗago ba. Da shugaba ya zo da kansa ya tambayi abin da ake ciki, bai yi kwana-kwana ba, ya janye duron ya nuna masa. Shugaba ya duba, ya cire hula ya mayar, ya fita.

Ya fasa simintin duka in ban da siraran layi biyu, daidai faɗin ƙafafun keken, daga ƙofar ɗaki zuwa gindin lemo, da ɗan da'ira inda za a juya. Ya buɗe ramin duwatsun ya faɗaɗa shi gefe, ya mayar da tsakuwa, ya zare bututun ya toshe katangar. Yana yi yana cizon leɓe, domin wannan dabarar ba sabuwa ba ce a wurinsa. Da wani ne ya zo masa da matsalar keke, da tun ranar farko ita zai ba shi, har da faɗa a kai.

Maman 'Yan Biyu ba ta fasa zuwa kitso ba. Ranarta na zagayowa ta hau da matajinta, ta ce ina wuni Baba, ya mai jiki, kamar kullum, ta shige ɗaki wurin Inna. Ba ta faɗa wa kowa maganar tabarma ba, ba ta kuma tayar masa da ita ba. Sai dai da mijinta ya dawo daga tafiya suka tashi gyaran bangon, wani magini suka ɗauko daga cikin gari. Baba ya hango shi ta saman katanga yana haƙa 'yar kwata a lungun, ya ga ya ba ta gangare zuwa bangon maimakon nesa da shi. Mutumin da ya shekara da shekaru ba ya ganin kuskure ya yi shiru, ga shi tsaye a kan duro, bakinsa ya yi nauyi. Ya sauka, ya sake hawa, ya sake sauka. Daga ƙarshe ya sa hula ya zagaya ta layin ƙasa ya yi sallama.

Ta fito da tsintsiya a hannu. Ya nemi gafararta a tsaye a ƙofar gida, da kalmomi ƙalilan, kansa a ƙasa. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya faɗa mata kuskuren kwatar, ya roƙe ta ta bar shi ya yi aikin da hannunsa, tun daga tushe, ya kuma tabbatar mata daga gidansa ko ɗigo ba zai sake saukowa ba. Ta jingine tsintsiyar.

"Baba, hannunka babu na biyu, kowa ya sani. Amma ranar nan ma ka dafa bangon nan ka ce mini idon ruwa ne, na kwantar da 'ya'yana a gindinsa. Yanzu in ka ce mini ya gyaru, da me zan gane?"

Ya koma gida ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko ƙullin bula, ya haɗa da bokitin, ya sauko ya miƙa mata da hannu biyu. Ta duba kayan, ta dube shi. Ya ce ta hau, Auta za ta ɗebo mata ruwa, ta zuba a duk inda ta ga dama, kada ta tausaya, musamman kusurwar baya. Ta karɓa.

Labari ya riga ta hawa. Kafin ta kai ƙofar gidansa mutane sun fara leƙowa, waɗansu sun biyo shi har bakin lungun sun tsaya nesa kaɗan, mai shagon magani a gaba. Baba ya shiga lungun shi kaɗai ya tsaya inda tabarmar ta taɓa kwanciya. Daga sama ya ji ƙarar bokiti, ya ji muryar Auta, sannan ya ji wani ƙiiƙii da ya sani sarai, ƙafafun keken Inna ne a kan sababbin layukan, ta yarda an fito da ita ta gani da idonta. Ruwan farko ya sheƙa a kan tsakuwa, na biyu ya biyo.

Ya san aikin da ya yi, ya san babu abin da zai fito. Duk da haka zufa ta jiƙa masa riga, ya kasa ɗaga ido daga ɗan ramin nan. Ashe haka tsayuwar take. Can Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta saman katanga ta tambaya ko ya ga wani abu. Ya ce babu tukuna, ta ƙara wani bokitin.